Lemon Gida da Hannun Yara: Darasin da Ya Kamata Ya Dawo Tsakar Gidajenmu

Duk wanda ya shiga kasuwar Gummi ko ta Anka ko ta Bukkuyum da rani zai tarar da tsamiya jibge a buhuna, ga 'ya'yan kuka, ga busasshen zoɓo ana aunawa da tiya, ga citta da kanumfari da lemon tsami wurin masu kayan yaji. Taku kaɗan daga nan sai shagunan da aka rataye ƙananan ledojin garin lemo kala-kala, da kwalabe jere cikin ƙanƙara. In aka danƙa wa yaro kuɗi aka ce ya zaɓa, kowa ya san inda ƙafarsa za ta nufa, kuma ba za a ga laifinsa ba, domin abin da aka sabar masa da shi ya sani. Abin da nake kira a kai a wannan rubutu shi ne iyaye su dawo da haɗa abin sha a cikin gida, su kuma sa yaransu a cikin aikin tun daga wanke hannu har zuwa rabawa a kofi. Wani zai ga maganar ta yi ƙanƙanta a jarida. Ni kuwa ina ganin a yammacin Zamfara babu makarantar lafiya da tarbiyya da ta kai wannan araha, kuma babu yankin da tarihinsa ya fi namu nuna cewa abin da ake yi a tsakar gida shi ke raya yaro ko ya halaka shi.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a tuna musu shekarar 2010. A watan Maris na wannan shekara ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yadda ƙananan yara ke ta mutuwa a ƙauyuka bayan suma da jijjiga, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce. A Dareta da Abare da Yargalma da Sunke da Tungar Daji da Bagega, an yi asarar yara wajen 400, dubbai kuma sai da aka ɗora su a kan maganin fitar da gubar daga jini. Abin da ya fi ɗaga hankali a labarin shi ne gubar ba daga nesa ta zo ba. A cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya, ana niƙa su, ana shanya su inda ake shanya hatsi, ƙura ta sauka a ƙasan da yaro ke rarrafe, ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai a 2013. Darasin da wannan masifa ta bari a bayyane yake: hanyar da ke tsakanin hannun yaro da bakinsa ita ce hanyar da ta fi kowace bukatar tsaro. Jami'an lafiya sun yi shekaru suna faɗakarwa a kan wanke hannu da raba kayan abinci da kayan aikin haƙar ma'adinai. Amma faɗakarwa a dandali takan shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Abin da ke zama a jikin yaro shi ne abin da ya yi da hannunsa sau da yawa a gaban mahaifiyarsa, har ya zame masa ɗabi'a. Yaron da aka hana shi taɓa ƙwaryar tsamiya sai ya wanke hannu da sabulu, kuma yana ɗokin a bar shi ya taɓa, ya koyi wanke hannu ta hanyar da babu wata lacca da za ta koya masa.

Shi kansa abin shan yana da nasa amfanin a jiki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna fama da ƙarancin jini, a Zamfara kuwa adadin ya haura kashi 80. Masana sun tabbatar da cewa jikin yaron da ke da ƙarancin sinadarin ayan, wanda ake gina jini da shi, ya fi saurin zuƙar dalma, domin hanji kan karɓi gubar ta ƙofar da yake karɓar ayan ɗin. Sun kuma tabbatar da cewa bitamin C na taimaka wa jiki ya amfana da ayan ɗin da ke cikin wake da gero da ganyen zogale. Garin 'ya'yan kuka, wanda iyayenmu ke damawa a yi kwalba ko a zuba a nono, yana cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawan wannan bitamin, ya ma fi lemon zaƙi nesa ba kusa ba, yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Lemon tsami da gwaiba da mangwaro da gwanda duk suna da rabonsu. Wajibi ne a faɗi iyakar maganar, don kada a yaudari kowa: kofin ruwan kuka ba ya fitar da dalma daga jini, yaron da ake zargin ya kamu asibiti za a kai shi, kuma babu abin shan da ke maye gurbin tuwo da miya. Abin da ake cewa shi ne yaron da ke cin wake da ganye yana korawa da ruwan kuka ko lemon tsami ya fi wanda ke korawa da ruwan kala kariya. Zafi yana lalata bitamin C, saboda haka kuka da lemon tsami sai ruwa ya huce ake zuba su, wannan ma wani ilimi ne da yaro zai tsinta yana tsaye kusa da ƙwarya.

Sai mu duba abin da ke ɗaya gefen. A watannin Maris da Afrilu na 2021 jihar Kano ta shiga tashin hankali bayan mutane sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano da hodar da ake kira ɗan tsami. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutum goma sun rasu, ɗaruruwa an kwantar da su a asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa abin da aka sayar a matsayin ɗan tsami wani sinadari ne mai guba da bai kamata ya kusanci abinci ba. Kayan da ake sarowa a kasuwannin Kano su ne ke isowa shagunan Gummi da Anka, kuma farar hoda a ƙulle cikin leda ba ta da fuskar da uwa za ta gane ta. Tsamiya kuwa ido na ganinta, hanci na jin ta lalace ko tana da kyau. Ko lemon kwalba mai rajista, wanda babu shakka a kan tsabtarsa, yana da tasa illar: kwalbar rabin lita ta irin waɗanda aka fi sha tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wato fiye da ƙaramin cokali goma. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in da hali ma a rage zuwa kashi biyar, kimanin ƙaramin cokali shida ga babba. Gwamnatin tarayya da kanta ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zaƙaƙa a dokar kuɗi ta 2021. Kwalba ɗaya ke nan ta ninka abin da aka fi so babba ya sha a yini, mu kuma muna miƙa ta ga ɗan shekara huɗu da sunan gata.

To, in amfanin a cikin abin shan yake, me ya sa sai an sa yara? Uwa ita kaɗai ai ta fi sauri. Gaskiya ne ta fi sauri, amma saurin nan shi ke raba yaro da sanin abin da yake sha. Aikin haɗa zoɓo ko lamurje ko ruwan tsamiya yana rabuwa daidai da shekaru. Ɗan shekara huɗu ko biyar zai iya tsince itace da tsakuwa daga zoɓo, ya ƙirga lemon tsami, ya miƙo ludayi. Ɗan shekara bakwai zuwa tara zai murza tsamiyar da aka jiƙa, ya matse lemo, ya riƙe matacin. Wanda ya haura goma zai auna ruwa da sukari, ya daka citta, ya raba wa ƙannensa daidai wa daida. Wuta da wuƙa da tafasasshen ruwa na manya ne, babu rangwame a nan. A cikin wannan ɗan aiki akwai lissafi na gaske: in gwangwani ɗaya na zoɓo ya ishi mutum biyar, nawa za a jiƙa in baƙi biyar sun zo? Akwai haƙuri, domin tsamiya ba ta jiƙa don yaro na kuka. Akwai adalci wurin rabo, akwai kai wa kaka da maƙwabta kafin a sha. Akwai sanin lokutan shekara, cewa zoɓo na kaka ne, kanya da magarya na hunturu, mangwaro na bazara, ɗinya kuma sai damina ta yi nisa. A yankin da makarantu da dama suka sha rufewa saboda rashin tsaro, duk wata kafa da yaro zai yi ƙidaya da awo da tunani a gaban babba abar tattalawa ce. Sannan yaro ba ya raina abin da hannunsa ya yi. Wanda ya matse lemon da kansa zai sha shi da tsaminsa yana alfahari, alhali da an miƙo masa a kofi sai ya yamutsa fuska. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshe ma haka yake.

Ƙorafi mafi nauyi da za a kawo shi ne na tsabta, kuma ƙorafi ne na gaskiya. A 2021 Najeriya ta ga annobar amai da gudawa da aka yi zargin ta kama sama da mutum dubu 100, ta kashe sama da dubu 3, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta nuna yadda ruwan sama kan haɗe rijiya da masai cikin dare ɗaya. Mai cewa lemon kamfani ya fi aminci a irin wannan hali yana da hujja in abin da yake kwatantawa da shi shi ne zoɓon bakin titi, wanda aka ɗura a tsohuwar robar da aka tsinto, aka sanyaya da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Amma ba wannan ake kira a kai ba. A gida uwa ta san rijiyar da aka ɗebo ruwan, tana da ikon tafasa shi, kuma zoɓo da citta dama da tafasasshen ruwa ake fara su. Iyalin da ba su da ruwan kirki na haɗa lemo ba su da ruwan kirki na sha da dama fura, kuma kwalbar lemo ba za ta cece su ba, tunda ba wanda ke rayuwa a kanta. Maganin shi ne a koyi tafasa ruwa da rufe randa da ware moɗa, yara kuma su koya da idonsu. Akwai ƙarin gargaɗi na musamman ga garuruwan da ake aikin zinariya. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire dalma daga ruwa, don haka ruwan kududdufin da ake wanke ƙasar ma'adinai ba ya shiga tukunya ko da an tafasa. Turmi ko buhu ko kwanon da ya taɓa duwatsun zinariya bai kamata ya sake taɓa abinci ba. Abu mai tsami kuma yana cin ƙarfe, saboda haka kada a jiƙa tsamiya ko zoɓo su kwana a tukunyar da aka ƙera daga tarkacen ƙarafa. Ƙwarya mai tsabta ko robar abinci ta fi.

Wani kuma zai ce lemon gida ma ai da sukari ake yi, wani zoɓon har ya fi na kwalba zaƙi. Haka ne, kuma nan ne bambancin yake: a gida cokalin yana hannun uwa. Tana iya ragewa kaɗan-kaɗan har harshen yara ya saba, tana iya barin dabino ko mangwaro ko kankana su ba da zaƙinsu. Mazarƙwaila da zuma su ma sukari ne a wurin jiki, ba a ce a cika su don na gargajiya ne ba. Akwai iyakoki uku da bai kamata a tsallake ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ake ba shi, ko ruwa ba ya bukata. Wanda bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2017 ta ce kada a ba shi ruwan 'ya'yan itace ma. Yaro mai gudawa kuwa abin sha mai zaƙi ƙara masa ciwon yake yi. Ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc yake bukata, a kuma hanzarta kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Game da rashin wutar lantarki, randa a inuwa ta daɗe tana sanyaya ruwa a ƙasar Hausa, kuma wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Abin da ya fi shi ne a haɗa daidai wanda za a shanye a ranar. Hadisai ingantattu sun nuna ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba a barinsa ya daɗe har ya canja.

Na san akwai wanda zai ce, mutanen da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, waɗanda ke zaune a sansanin gudun hijira a Anka ko suka raɓe a gidajen 'yan'uwa a Gummi, ina su ina maganar lemo? Wannan tambaya ta cancanci girmamawa. Wanda bai ci ba tuwo yake nema, kuma nauyin tsaro da abinci yana wuyan hukuma, babu ƙwaryar zoɓo da za ta sauke mata shi. Sai dai talauci hujja ce a kan a rungumi abin gida. Kuɗin kwalba ɗaya da mutum ɗaya zai shanye a tsaye zai sayi tsamiyar da gida guda za su sha su ƙoshi. Sannan yaran da suka ga tashin hankali, suka kwana a daji, suka bar abokansu da garinsu, suna bukatar wani abu da ake maimaitawa cikin natsuwa tare da iyayensu, abin da zai nuna musu cewa har yanzu akwai gida ko da a ɗakin aro ne. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara a wuraren rikici sun daɗe suna jaddada amfanin irin waɗannan ƙananan ayyuka na yau da kullum. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a tura yaro daji tsinko kanya ko goruba a wannan yanayi. A saya a kasuwa, a kuma shuka a gida. Yakuwa na fitowa a bayan ɗaki da gefen danga, gwanda na 'ya'ya cikin shekara guda, lemon tsami da gwaiba na rayuwa da ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu.

Saura maganar maza. A gidaje da yawa ana ganin duk abin da ya shafi ƙwarya da ludayi na mata ne, yaro namiji da ya tsaya wurin sai a kore shi, uba kuwa yana zaure sai an kawo masa. Wannan al'ada ce, ba addini ba. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Mazan da ke dafa shayi a bakin hanya da masu gasa nama da masu sayar da lemo a tasha ba wanda ya ce sun zubar da girmansu. Yaro namiji shi ma zai yi tafiya karatu ko neman kuɗi, ranar da sanin yadda ake tsabtace ruwa zai tsare shi daga ciwo. Uban da ya zauna rabin sa'a da yamma, musamman a watan azumi lokacin da ake shirin buɗa-baki, yana yanka lemo yaransa na matsewa, zai ji abubuwa daga bakinsu waɗanda ba za su taɓa faɗa masa a zaure ba. Akwai kuma kuskuren da ya kamata a kiyaye: kada koyarwar ta rikiɗe ta koma ɗora wa yarinya bokitin zoɓo ta yini tana talla a tasha lokacin da sa'o'inta ke aji. Uwa na iya sana'arta, wannan haƙƙinta ne kuma abin yabo, amma hannun yaro a wannan aiki na koyo ne da sha a gida.

Abin da muke rainawa kuwa duniya na nemansa da kuɗi. Zoɓon da ake nomawa a arewacin Najeriya, musamman Jigawa, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa Meziko, inda yake cikin abin shan yau da kullum. A Masar da Sudan da Senegal ana tarbar baƙo da shi. Tarayyar Turai ta amince da shigar da garin 'ya'yan kuka kasuwanninta a 2008, yanzu ana sayar da shi can a ƙananan gwangwanaye da tsada a matsayin abinci mai gina jiki. Mu da kukar ke tsaye a bakin garuruwanmu muna sayar da ita da arha, mu sayo wa 'ya'yanmu ruwan kala. Yaron da ya tashi ya san daɗin ruwan kuka da maɗin ɗinya da ruwan goruba zai yi wuya ya sa gatari a gindin kuka ko tsamiya don gawayi, kuma jihar da ke alfahari da noma tana bukatar irin wannan yaro.

Kirana ga iyaye a Anka da Gummi da Bukkuyum shi ne su ware ko da yammaci ɗaya a mako, su tara yara maza da mata, a wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwa, a haɗa abin da kasuwa ta kawo a lokacinsa, a rage sukari, a kori farar hodar da ba a san asalinta ba. Malaman Islamiyya da na firamare su sa wannan cikin darasin tsabta, ma'aikatan lafiya su ambace shi ranar awo da rigakafi, limamai da masu unguwanni su ƙarfafa wa maza gwiwa su shiga ciki. Ba ya bukatar kasafin kuɗi ko jiran wata hukuma. Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma abin da muka koya musu su kai bakinsu yana cikin abin da za a tambaye mu a kai.